Daga Akawun Sakatariya Zuwa Sabar Intanet: Tarihin Ajiye Fayil a Muhallinsa

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, da kuma masu son karatu a natse.

Yau maganar folda za mu yi. Eh, folda dai, ɗan hoton nan mai ruwan ɗorawa da ke cikin kwamfuta da waya. Na san wani zai ce, haba, duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai folda? Ku dai yi haƙuri ku biyo ni. Za mu taso daga Unguwar Shanu, mu leƙa Zungeru, mu tsallaka Amurka, kafin mu rabu kuma sai mun tsaya a zaɓen 2023.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Ina gama jami'a, matasan layinmu a nan Unguwar Shanu muka yi gayya muka gyara wata rijiyar burtsatse da ta daɗe a mace. An bi gida-gida an tara kuɗi, har 'yan unguwa mazauna Abuja da Legas sun turo nasu. Sai aka ce a buɗe ɗan shafi a intanet, a ɗora hotunan aikin da rasiɗai da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya gani da idonsa. Da yake ni ne mai laftof, ni aka ɗora wa. Kwana uku ina haɗawa, a kwamfutata komai ya zauna daram. Na ɗora da daddare, na tura adireshin a zauren WhatsApp, na kwanta ina jin kaina.

Da asuba na tarar da saƙonni sun cika waya. Shafi yana buɗewa, rubutu yana nan, amma duk inda rasiɗi ya kamata ya fito sai wani ɗan akwati fanko. Wani dattijo da ya ba da kaso mai tsoka ya kira ni, ya ce, "Ɗana, ina rasiɗan? Ko dai dama babu su ne?" Na ce, "Baba, wallahi suna nan." Ya ce, "Suna nan a ina?"

Rasiɗan kuwa suna kan sabar, ban ɓatar da ko ɗaya ba. Kuskurena shi ne, a kwamfutata suna cikin folda mai suna rasidai, ita kuma tana cikin wata mai suna hotuna. Da na zo ɗorawa sai na kwashe su na zube a tsakar gidan sabar, ban buɗe musu waɗannan foldoji biyu a can ba. Gyaran bai ci minti goma ba, amma zargin ya yi makonni yana yawo a majalisu.

Ga wanda bai sani ba, sabar kwamfuta ce kamar taka, sai dai tana wani ɗaki mai sanyi a wani gari, ba a kashe ta dare da rana. Wasu na kiranta uwar garke. Shi kuma shafin intanet ba ya ɗauke da hoto a cikinsa, kwatance kawai yake ɗauke da shi. Kamar ka aiki yaro ne ka ce, shiga ɗaki na biyu, buɗe durowar ƙasa, ɗauko min takarda. In kun tashi kun koma gidan da babu ɗaki na biyu, yaron zai dawo hannu rabbana, ko da takardar tana yashe a tsakar gida. Shi ya sa ƙa'idar farko da ake koya wa mai gina shafi ita ce: yadda ka jera foldojinka a gida, haka za ka jera su a sabar, suna da suna, ɗaki da ɗaki.

To wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma garin nan namu yana da dogon tarihi da ita.

A 1902 Lugga ya kafa hedikwatar mulkin Arewa a Zungeru. A 1917 aka dawo da ita Kaduna. Yawancinmu mun san gadar ƙarfen nan da aka ciro daga Zungeru, wadda take wurin shaƙatawa na Gamji. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, kayan da suka fi gadar muhimmanci a wurin Turawan su ne fayiloli. Turawan mulki ba su da yawa, ƙasar kuma faɗi gare ta. Da takarda suka riƙe ta. Di'o yana rubuta wa Razdan, Razdan yana rubuta wa Sakatariya a Kaduna: rahoton shekara, ƙidayar masu biyan haraji, rikicin iyaka, naɗin hakimi, da jangali, wato harajin shanu, ba na Unguwar Shanu ba.

A shekarun 1950 larduna goma sha biyu ne ke aiko da takardu Kaduna: Kano, Sakkwato, Zariya, Katsina, Bauci, Barno, Adamawa, Ilori, Kabba, Neja, Binuwai da Filato. Ku yi tunanin yawan takardar. Dabarar da ta hana abin rikicewa mai sauƙi ce. Akawu zai sa takardar kabon a tafireta, ya buga wasiƙa ta fito fiye da ɗaya. Ta asali ta tafi Kaduna, kwafi ya zauna a fayil ɗin lardi. A saman wasiƙar akwai lambar fayil da kwanan wata. In Kaduna za ta ba da amsa, sai ta ambaci waccan lambar, ta kuma sa tata. Ba lallai lambar lardi da ta Sakatariya su zama iri ɗaya ba, amma kowace tana nuna inda 'yar uwarta take. Ka ga kenan akwai kwafin gida, akwai na hedikwata, akwai kuma kwatancen da ya haɗa su.

Ba yabon mulkin mallaka nake ba. Don tatsar haraji da juya talakawa aka gina tsarin. Amma hannun da ya riƙe shi kullum na akawu ne da masinja, 'yan ƙasa, waɗanda ba a rubuta sunayensu a littafin tarihi. In akawu ya cusa takarda a fayil ɗin da ba nata ba, to ta ɓata kenan, alhali tana cikin ginin.

Waɗannan takardu suna nan har gobe. Masanin tarihi Kenneth Dike shi ya tsaya kai da fata har aka kafa ofishin adana takardun gwamnati a 1954, wanda ya zama Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, mai manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. Reshen Kaduna yana kan titin Yakubu Gowon. In ka buɗe kundin digiri na wani ɗalibin tarihi za ka ga alamomi irin su SNP, wato takardun Sakatariyar Lardunan Arewa, da KanoProf da ZarProf da SokProf, wato na ofisoshin lardin Kano da Zariya da Sakkwato. Ma'aikatan wurin ba su tarwatsa takardun sun sake musu jeri yadda suka ga dama ba. Sun bar na kowane ofishi a rukuninsa, bisa wata ƙa'ida da ma'adanan Faransa suka rubuta tun 1841. Amfanin haka shi ne, mai bincike da ya rasa wasiƙa a ɓangaren Sakatariya zai iya komawa ɓangaren lardi ya nemi kwafinta. Ga kuma Gidan Arewa a titin Rabah, gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Ba shi da nisa daga nan, amma mu nawa ne muka taɓa shiga?

Yanzu mu tsallaka Amurka. Kwamfutocin farko ba su san folda ba, fayiloli a zube suke wuri ɗaya. A 1965 masu aikin wani tsari mai suna Multics suka bayyana dabarar sa folda cikin folda, kamar bishiya mai rassa. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs, suka ɗauki dabarar suka sauƙaƙa ta. Wannan karkataccen layin da kake gani a adireshin intanet, tsakanin suna da suna, gadon Unix ne, ma'anarsa shiga ɗaki na gaba. Hoton foldar kuma, kamfanin Xerox ya fito da shi kasuwa a 1981, Macintosh ta yaɗa shi a 1984. Foldar kwali ta ofis suka kwaikwaya, irin wadda akawun Sakatariya ke ɗaure wa da zare.

Saura yadda fayil zai tashi daga wannan kwamfuta ya sauka a waccan. A watan Afrilun 1971 wani ɗan Indiya mai suna Abhay Bhushan, yana jami'ar MIT, ya rubuta ƙa'idar da ake kira FTP. A 1985 Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da sigar da aka daɗe ana aiki da ita. Cikin umarnin FTP akwai na shiga folda, na buɗe sabuwa, na ajiye fayil, na ɗauko shi. Ita dai ba ta da wayo: inda ka tsaya nan za ta sauke maka kaya, ba za ta tambaye ka ko nan ne muhallinsu ba.

A watan Maris na 1989 Tim Berners-Lee, ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya rubuta shawarar da ta haifi yanar gizo. Kukan da ya yi a takardar shi ne bayanai suna ɓacewa a cibiyar, domin ma'aikata na zuwa suna tafiya da abin da ke kansu. A 1991 shafin farko ya fito duniya. Abin dariya kuma, da CERN ta tashi maido da wannan shafi a adireshinsa na asali a 2013, da kwafin 1992 ta yi amfani. Waɗanda suka ƙirƙiro abin ma sai da suka koma neman tsohon kwafi.

A nan gida, an ba Najeriya sunanta na intanet, wato .ng, a 1995, wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, hukumar NiRA mai kula da sunan ta kafu a 2005. Mu da muka taso a lokacin mun ga yayyenmu suna kwana a kafe saboda intanet ɗin dare ya fi araha. Daga baya cike JAMB da duba sakamakon WAEC da NECO suka koma intanet, kowa ya san zafin a ce hotonka ya yi nauyi, sabar ta ƙi karɓa. Masu gina shafi na wancan zamani kuwa sun san manhajoji irin su Dreamweaver da FileZilla. In ka buɗe FileZilla allo ya rabu biyu: hagu foldojin kwamfutarka, dama na sabar. Aikinka shi ne ka sa hagu da dama su zama tagwaye. A yawancin sabar haya, ɗakin da duniya ke gani sunansa public_html, fayil ɗin da ke tarbar baƙo kuma index.html. Duk abin da ka ajiye a wajen wannan ɗaki, baƙo ba zai gan shi ba. Duk abin da ka ajiye a ciki kuma, ko da lambobin wayar mutane ne, wanda ya san adireshin zai iya buɗewa.

Akwai tarko biyu da suka fi kama mu. Na farko, Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, amma yawancin sabobi Linux suke amfani da ita, ita kuwa tana bambantawa. A wurinta Rijiya.jpg daban, rijiya.jpg daban. Na biyu namu ne mu Hausawa: baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Tun shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, kuma tsarin Unicode ya karɓe su tun 1991. A cikin rubutun shafi ka sa su, haƙƙin harshenmu ne, kada ka yarda a mayar maka da ƙasa ta koma kasa. Amma a sunan fayil da folda, wata manhajar takan juya su su zama wasu alamomi, kwatance ya ɓace. Shi ya sa na sa wa foldata rasidai, ban sa rasiɗai ba. Nan kam na yi daidai, can gaba ne na kwafsa.

A 1996 wasu 'yan Ostireliya biyu, Andrew Tridgell da Paul Mackerras, suka fito da rsync, manhajar da ke duba hagu da dama ta aika abin da ya canza kaɗai. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai tana da wani umarni da ke cewa duk abin da babu shi a nan, a goge shi a can. In ka juya akalar, ka kwafi fanko ka ɗora a kan cikakke, to sai dai haƙuri. Ita ma FTP ta tsufa, domin tana aika kalmar sirri tsirara. A 2021 Chrome da Firefox suka daina karɓarta, yanzu SFTP da Git aka fi amfani da su. Kayan aikin sun canza, buƙatar jeri iri ɗaya tana nan.

Me ke faruwa in babu kwafin gida? Misali biyu. A 1998 ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai dace ba, kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin suka tafi. Aka je ma'ajiyar ko-ta-kwana aka tarar ta daɗe da lalacewa ba a sani ba. Wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, ita ce ke da kwafi a kwamfutarta. Aka naɗo kwamfutar cikin bargo aka kawo ofis. A ɗaya gefen kuma, a watan Maris na 2019 MySpace ta amsa cewa wajen ƙaura daga sabar zuwa sabar ta rasa abin da mutane suka ɗora na shekaru kusan goma sha biyu, waƙoƙi kimanin miliyan 50. Duk mawaƙin da bai ajiye nasa a gida ba, shi kenan. Ku tuna da wannan, ku da tarihin ƙungiyarku kaf yake kan Facebook.

To mu dawo kan alƙawarin da na yi. Ɗauko katin zaɓenka ka duba. Akwai lambobi kashi huɗu a jere: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Kaduna ita ce 18. A cikinta akwai ƙananan hukumomi 23, a ciki akwai Kaduna ta Arewa, a cikinta akwai mazaɓar Unguwar Shanu, a cikinta akwai rumfarka. Folda cikin folda kenan, har hawa huɗu, a rumfuna sama da 176,000 a faɗin ƙasa.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, tsarin shi ne in an gama ƙirga a rumfa, a cike takardar EC8A, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS, a ɗora a shafin IReV kowa ya gani. Na 'yan majalisar tarayya suka riƙa hawa, na shugaban ƙasa suka ƙi. A rahoton da INEC ta fitar a Fabrairun 2024, bayanin da ta bayar shi ne: an tsara manhajar ta gane jihar da kowane zaɓe yake, sannan ta gina masa jerin foldoji a ƙarƙashinta. Kujerar sanata da ta wakilai kowace tana da jiharta. Kujerar shugaban ƙasa kuwa ba ta jiha ɗaya ba ce, don haka manhajar ta kasa gina foldojin da za ta zuba hotunan, sabar ta riƙa mayar da su. Rahoton ya ce sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta hau.

Wannan bayanin hukumar ne. Mutane da yawa ba su gamsu ba, jam'iyyun adawa sun je kotu, a watan Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗorawa a IReV bai isa ya rushe zaɓen ba. Ba na zo in sake shari'ar ba ne, kowa da ra'ayinsa. Abin da nake so mu lura da shi: in ka yarda da bayanin, to rashin gwada tsarin folda kafin ranar aiki ya ci amanar miliyoyin mutane. In ba ka yarda ba, to hujjarka ɗaya ce, kwafin gida, wato takardar da aka ba wakilan jam'iyyu a rumfa da wadda aka manna a bango. Duk ɓangaren da ka tsaya, tambayar Baba ce dai ta dawo: suna nan a ina?

Saboda haka 'yan uwa matasa, masu ƙungiyoyin unguwa da masu gina wa makarantu da shaguna shafi, ga abin da na koya da kuɗin mutuncina. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, zana foldojinka a takarda, ka ba duka aikin uwar folda guda. Sunaye su zama da ƙananan baƙaƙe, babu tazara, babu lanƙwasa. In da kwanan wata, fara da shekara, sai wata, sai rana, fayilolin za su jera kansu. Kada ka yi gyara kai tsaye a sabar, gyara a gida ka ɗora, in ba haka ba wata rana tsohon kwafi zai hau kan sabo. In ka ɗora, ari wayar wani ka buɗe ka gani kafin ka tura wa jama'a. Ka ajiye kwafi a wuri na biyu, kuma lokaci-lokaci ka buɗe shi ka tabbatar yana aiki. Na ƙarshe, kada kalmar sirri da tsarin aikin su zauna a kan mutum ɗaya. A rubuta, a ba amintattu biyu ko uku, domin yau kana nan, gobe bautar ƙasa ko neman abinci ya kai ka wani gari.

Shi Baba, da na gyara shafin, sai na ɗauki laftof na same shi a ƙofar gida bayan la'asar. Ya sa tabarau ya bi rasiɗan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce, "To madalla. Amma ka buga min su a takarda in ajiye." Na buga na kai masa, kuma har yau suna wurinsa.

Nan za mu dakata. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ƙungiyar unguwa za ta adana takardunta ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Wanda ya taɓa rasa fayil mai muhimmanci ya ba mu labari a ƙasa, wanda kuma ya taɓa shiga ma'adanar titin Yakubu Gowon ko Gidan Arewa ya faɗa mana abin da ya gani. A tura wa abokai. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.